Rubutun take ya ƙi zama a tsakiyar bidiyo: inda matsalar take da yadda ake gyara ta

Mai tambaya ya ce yana rubuta take a kan bidiyonsa, ya danna maɓallin da ke kai rubutu tsakiya, amma sai ya ga rubutun ya fi karkata hagu. Wani lokacin kuma a cikin manhajar komai daidai yake, sai ya fitar da bidiyon ya kalla a waya ya ga ya goce. Yana son ya san abin da ke jawo haka da yadda zai magance shi.

Malam, abu na farko shi ne ka daina kama rubutun da linzami kana jan sa har sai idonka ya gamsu. Wannan jan da hannu rufe matsala yake yi, ba ya kawar da ita. Ranar da ka canza kalma ɗaya a cikin taken, ko ka kwafe shi zuwa wani aikin, zai sake gocewa, kuma a lokacin ka ƙara wa kanka wani kuskuren a kan na farko. Manhaja ba ta kuskuren lissafi. Idan ta ce ta kai abu tsakiya, to ta kai wani abu tsakiya da gaske, sai dai ba lalle ne ya zama haruffan da kake kallo ba. Yana iya zama akwatin da rubutun ke ciki, ko ɗigon da rubutun ya rataya a kai, ko haruffan haɗe da wani fili da ido ba ya gani. Aikinka shi ne ka gano wanne ne daga ciki.

Fara da awo. Ka mayar da girman tagar kallo zuwa Fit, domin idan ka zuƙo hoton zuwa kashi 100 ko 200 cikin ɗari, abin da kake gani yanki ne kawai na firam ɗin, wato cikakken hoton bidiyon, kuma tsakiyar tagar ba ita ce tsakiyar bidiyon ba. Sannan ka fitar da firam ɗaya a matsayin hoto, ka buɗe shi a kowace manhajar hoto mai rula, ka auna fiksel nawa ne daga gefen hagu zuwa harafin farko, nawa ne kuma daga harafin ƙarshe zuwa gefen dama. A ce firam ɗin faɗinsa 1920 ne, ka samu 612 a hagu, 648 a dama. Bambancin 36 ne, rabinsa 18. Ke nan rubutun ya goce hagu da fiksel 18. Ka riƙe wannan lambar, domin ita za ta nuna maka mai laifin. Gocewar fiksel goma zuwa ashirin yawanci daga cikin rubutun take fitowa. Gocewar ɗaruruwan fiksel kuwa daga matsayi ne ko girman firam.

Idan ba ka son fita daga manhajar, akwai wata dabara. Ka kwafi taken ka ɗora shi a saman na asali, ka sa wa kwafin juyin hagu da dama, wanda ake rubuta wa Horizontal Flip, ka rage ƙarfin bayyanarsa, wato Opacity, zuwa rabi yadda za ka riƙa hango na ƙasa. Idan taken yana tsakiya, bakin hagu da bakin dama na biyun za su hau kan juna. Idan ba su hau ba, ratar da ka gani ninki biyu ce ta gocewar. Ka tabbata dai juyin a kan dukkan firam ɗin yake aiki, ba a kan leyar rubutun kaɗai ba, wato shimfiɗar da rubutun ke kai a saman hoton.

Gwaji na biyu ya fi wannan sauri, kuma shi ke raba matsalar gida biyu. Ka goge duk rubutun, ka rubuta HHHH da salon haruffa na Arial, ba inuwa, ba tazara. Harafin H hagunsa da damansa ɗaya ne, ba shi da jela a ƙasa. Idan HHHH ya zauna daidai, laifin yana cikin kalmominka ko salon haruffan da ka zaɓa. Idan shi ma ya goce, laifin yana cikin lambobin matsayi.

Yanzu ga abin da ya fi kama mutane. A yawancin manhajojin tace bidiyo akwai maɓallan tsakiya iri biyu, kuma aikinsu daban ne. Na farko yana wurin saitin rubutu, kusa da inda ake zaɓar girma da salo. Shi ne ke cewa layukan su jeru daga hagu, ko daga dama, ko su bazu daga tsakiya. Bai san komai game da firam ɗin bidiyo ba. Na biyu yana wurin daidaita matsayi, a Premiere Pro ƙarƙashin Align and Transform, shi ne ke ɗaukar leyar gaba ɗaya ya ajiye ta a tsakiyar firam. Dole ne a danna duka biyun, kuma a jere: jerin rubutu tukuna, sannan matsayi. Wanda ya danna na biyu kawai zai ga taken ya zauna daidai a lokacin, amma tunda har yanzu jerin hagu yake kai, da ya ƙara harafi sai rubutun ya miƙe dama kaɗai. Wanda kuma ya danna matsayi tukuna sannan ya canza jeri, zai ga rubutun ya yi tsalle da rabin faɗinsa zuwa hagu. Wannan tsallen ne ke sa mutane su ɗauka manhajar ta lalace.

Dalilin tsallen shi ne ɗigon madogara, wanda aka rubuta wa Anchor Point. Kowace leya tana da wannan ɗigo, kuma lambobin X da Y da kake gani a wurin matsayi ba tsakiyar rubutun suke nufi ba, wurin da ɗigon yake suke nufi. Kamar ƙusar da aka rataye hoto ne a bango: ko ka kafa ƙusar a tsakiyar bangon, idan igiyar a kusurwar hoton aka ɗaura ta, hoton a gefe zai sauka. A Premiere Pro da After Effects, idan ka danna sau ɗaya ka fara rubutu, ɗigon yana zama a kan layin da haruffa ke tsayawa, a farkon rubutun idan jerin hagu ne, a tsakiyarsa idan jerin tsakiya ne. Saboda haka idan ka rubuta 960 da 540 a matsayin rubutu mai jerin hagu, harafin farko ne zai zauna a tsakiyar allo, sauran su bi shi zuwa dama. A After Effects, Ctrl da Alt da Home suna kai ɗigon tsakiyar abin da ke cikin leyar, Ctrl da Home kuma su kai leyar tsakiyar firam. A nan ma ɗigo ake fara gyarawa. Ka lura da wani abu: idan ka kai ɗigon tsakiya ta wannan hanya alhali jerin hagu ne, daga baya ka canza kalmomin, ɗigon ba zai bi sabon faɗin ba. Jerin tsakiya ne kawai ke sa ya dawwama.

Ɗigon nan ne kuma ke sa take ya zauna lafiya yana tsaye, amma da an sa masa motsin girma sai ya riƙa zamewa gefe. Girma da juyawa duka daga ɗigon suke farawa. Idan yana kusurwar hagu ta ƙasa, rubutun zai kumbura ne zuwa dama da sama.

Akwai kuma bambanci tsakanin rubutun da aka fara da danna ɗaya da wanda aka ja masa akwati. Idan ka ja akwati, maɓallin matsayi akwatin yake kai wa tsakiya, ba kalmomin ba. Akwati mai faɗin fiksel 1200 da kalma biyu a manne a hagunsa zai zauna daidai a tsakiya, kalmomin kuwa suna can gefe. Haka ma a tsaye: idan akwatin ya fi rubutun tsawo, rubutun yana maƙale a samansa sai ka zaɓi ya zauna a tsakiyar akwatin. Ga take mai layi ɗaya ko biyu, a ganina babu dalilin jan akwati. Akwati na dogon bayani ne da ake son ya riƙa karya layi da kansa.

Sai lambobin tsakiya, domin kowace manhaja da inda take fara ƙirga. Premiere Pro da After Effects daga kusurwar hagu ta sama suke farawa, don haka tsakiya rabin faɗi ce da rabin tsawo: 960 da 540 a firam 1920 da 1080, 640 da 360 a firam 1280 da 720, 1920 da 1080 a firam 3840 da 2160, sai 540 da 960 a bidiyon tsaye mai 1080 da 1920. Final Cut Pro da CapCut tsakiyar firam suke ɗauka a matsayin 0 da 0. A DaVinci Resolve kuwa ya danganta da inda kake: a sashen Transform tsakiya 0 da 0 ce, amma a cikin Text+, wato ɗaya daga kayan rubuta take na manhajar, ƙarƙashin Layout, faɗin firam gaba ɗaya daga 0 zuwa 1 ake ƙirga shi, tsakiya ta zama 0.5 da 0.5, kuma Y daga ƙasa yake hawa sama. A can 0.01 na X daidai yake da fiksel 19.2 a firam mai faɗin 1920, don haka ɗan taɓawa kaɗan ya isa ya gotar da take. Text+ yana da nasa madogarar ma, H Anchor da V Anchor, waɗanda ya kamata su kasance a tsakiya.

Daga waɗannan lambobi za ka gane abin da ke faruwa idan aka kwafi take daga wani aiki zuwa wani mai girma daban. Take mai 960 da 540 idan ya shiga firam 3840 da 2160 da lambobinsa, zai zauna a tsakiyar rubu'in sama na hagu. Idan ya shiga bidiyon tsaye mai faɗin 1080, saura fiksel 120 kacal ya kai bakin dama. Da ka ga gocewa mai girma haka, ka duba saitin girman taimlayin, wato wurin da ake jera guntayen bidiyon, kafin komai. Tsofaffin tsare-tsare masu fiksel marar murabba'i ma suna ruɗarwa: tsarin bidiyo na HDV faɗinsa 1440 ne a lissafi ko da yake a allo yana cika faɗin 16:9, saboda haka tsakiyarsa 720 ce, ba 960 ba.

Wani wurin da gocewa ke ɓuya shi ne matsayi hawa-hawa. A Premiere Pro kilif ɗin take ɗaya yana da wurin motsi har uku a Effect Controls: na leyar rubutun kanta, na Vector Motion da ke motsa duk leyoyin ciki tare, da Motion na kilif ɗin. Maɓallin tsakiya na leyar kawai yake gyarawa. Idan wani ya taɓa Motion ya mayar da X 940, taken zai ci gaba da gocewa da fiksel 20 komai yawan dannawarka. A DaVinci Resolve ma shafin Title daban, shafin Settings daban, kowanne da matsayinsa. Ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka mayar da na waje zuwa asalinsu da kibiyar maido da saiti, ka bar gyara a wuri guda. Idan taken yana cikin taimlayin da aka cusa a wani taimlayin, ko akwai leyar gyara a samansa mai ɗauke da motsi, su ma ka duba su.

Kifirem ma haka, wato alamar da ke riƙe lambar matsayi a wani lokaci na bidiyon. Idan agogon motsi yana kunne a kan matsayi, duk gyaran da ka yi sabon kifirem yake zama a daidai inda kake tsaye, sauran wuraren suna nan da tsohuwar lambar. Sai ka ga taken daidai a daƙiƙa ta biyu, a ta huɗu ya sulale. Ka gyara lambar a kan kifirem ɗin da motsin ya tsaya, ko ka goge su duka ka sake. Kada kuma ka auna take a daƙiƙar farko idan yana da motsin shigowa, ka bari ya gama zama.

Idan HHHH ya zauna daidai amma kalmominka sun ƙi, to mu koma cikin rubutun. Mafi yawan lokaci gurbi ne da aka danna ba a sani ba, a farko ko a ƙarshen layi, musamman idan kwafo rubutun aka yi daga saƙo ko takarda. Manhajoji da yawa suna ƙirga gurbi kamar harafi. A Arial faɗinsa ya kai wajen kashi 28 cikin ɗari na girman rubutun, wato a girma 100 kusan fiksel 28 ne, ya gotar da take da fiksel 14. Gurbin ƙarshe hagu yake tura rubutu, na farko kuma dama. Layin da ba komai a ƙasa, wanda danna Enter sau ɗaya ya haifar, yana ɗaga take sama da rabin tsawon layi. Ka sa alamar rubutu a ƙarshen kowane layi ka danna End ka gani ko ta tsaya a jikin harafin ƙarshe. Mafi sauƙi ma ka goge ka sake bugawa da hannu, domin rubutun da aka kwafo yakan zo da tab ko shigar sakin layi a ɓoye.

Tazarar haruffa, wadda aka rubuta wa Tracking, ita ce ta biyu, kuma ita ce ta fi wahalar ganowa saboda babu abin da za ka goge. Mutane suna son buɗe haruffan take don ya yi kyau. Matsalar ita ce a manhajoji da yawa tazarar bayan kowane harafi ake ƙara ta, har da na ƙarshe, sai ya zama akwai fili a dama wanda babu irinsa a hagu. A manhajojin Adobe ana ƙirga ta da kashi ɗaya cikin dubu na girman rubutu. Girma 120 da tazara 200 yana nufin fiksel 24 bayan kowane harafi, taken ya goce hagu da 12. Maganin shi ne ka zaɓi harafin ƙarshe shi kaɗai ka mayar da tazararsa 0. Idan layi biyu ne, ka yi wa kowane layi.

Gocewar sama da ƙasa tana da nata dalilin. Tunda ɗigon madogara a kan layin tsayuwar haruffa yake, Y mai 540 yana nufin ƙafafun haruffan ne a tsakiyar allo, jikinsu duk yana sama. Manyan haruffan Arial tsawonsu kusan kashi 72 cikin ɗari ne na girman rubutun. A girma 100, tsawon 72 ne, rabinsa 36, ke nan Y ya kamata ya zama 576 kafin manyan haruffa su zauna a tsakiya. Maɓallin tsakiya na tsaye ma ba koyaushe yake ba da abin da ake so ba. Wasu manhajoji ainihin zanen haruffan suke aunawa, don haka kalma mai jela irin g da y da j za ta ɗaga sama fiye da kalmar da ba ta da su. Shi ya sa idan aka jera take biyar a bidiyo ɗaya, kowanne aka danna masa maɓallin, sai su riƙa tsalle sama da ƙasa. Wasu kuma filin da mai ƙera salon haruffan ya ware a sama da ƙasa suke aunawa, kuma akwai salon da filinsa na sama ya fi na ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi shi ne ka daidaita take ɗaya da kyau, ka ɗauki lambar Y ɗinsa ka sa wa sauran duka.

Masu rubuta Hausa su lura da ƙ da ɗ da ɓ. Idan salon haruffan da ka zaɓa ba shi da su, wata manhajar za ta sa akwati a gurbinsu, wata kuma ta aro su daga wani salon a asirce. Harafin aro yana zuwa da nasa faɗin da nasa tsawon layi, ya ture lissafin. Ka zaɓi salon da ke da su tun asali, irin su Noto Sans. Rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci ko ajami, yana buƙatar a saita masa alkiblar sakin layi, in ba haka ba alamomin tsayawa su koma ɗaya gefen.

Akwai kuma lokacin da awo zai nuna hagu da dama daidai suke, amma ido ya ƙi yarda, kuma idon yana da gaskiya. Inuwa mai faɗuwa dama da ƙasa tana jan nauyin rubutu can. Rubutu mai kishingiɗa yana ƙara haka. Alamar tambaya, ko ɗigo uku a ƙarshe, suna cin fili amma ba su da nauyi a ido, sai kalmomin su zama kamar sun matsa hagu. Harafi irin T ko A a bakin layi yana barin fili a gefensa wanda H ba ya bari. A nan ne kawai gyaran hannu yake da hujja, shi ma da lamba ake yin sa, fiksel kaɗan, bayan an tabbatar komai na lissafi daidai yake. Kada ka manta da hoton da ke bayan rubutun ma: idan mai magana ko ƙofar da ke cikin hoton ba a tsakiya suke ba, ido da su yake gwada taken.

Saura ɓangare na biyu na tambayar, wato daidai a manhaja amma a goce bayan fitarwa. Ka fara buɗe fayil ɗin a kwamfuta ka ɗauki firam ka auna. Idan ya goce a cikin fayil ɗin, duba tagar fitarwa: ko an yanke gefe ɗaya fiye da ɗaya, ko girman fitarwa bai yi daidai da na taimlayin ba, ko an kunna sake tsara firam ta atomatik wanda ke bin motsin hoto yana jan komai tare da shi. Idan fayil ɗin daidai yake, to dandalin ne. TikTok da Instagram Reels da YouTube Shorts suna jera maɓallansu a gefen dama, bayanin bidiyo kuma a ƙasa, don haka filin da ya rage wa ido ya karkata hagu da sama, take mai faɗi sai ya shige ƙarƙashin maɓallan. Kada ka matsar da taken hagu saboda wannan, domin duk inda aka kalli bidiyon ba tare da maɓallan ba zai fito a karkace. Ka rage faɗinsa ne, ka karya shi layi biyu, ya tsaya nesa da gefuna biyun. Layukan kariya da ake kunnawa a tagar kallo suna taimakawa a nan. A Premiere Pro na ciki yana barin kashi 80 cikin ɗari na firam don rubutu, kuma yana da 'yan alamomi a tsakiyar kowane gefe da za ka gwada da su.

Idan tamfilet ka sauko da shi kuma babu inda aka ba ka damar taɓa madogara ko jerin rubutu, gyaran na gaske yana cikin fayil ɗin asali da aka ƙera shi. In ba ka da shi, ka yi amfani da lambar da ka auna tun farko ka gyara a matsayin kilif ɗin na waje, ka kuma san cewa duk lokacin da ka canza kalmomin sai ka sake awo. Idan kuwa naka ne taken, da zarar ka samu jerin tsakiya, madogara a tsakiya, X a rabin faɗi, da sauran matsayi a asalinsu, ka adana shi a matsayin tamfilet, ɗaya na bidiyon kwance ɗaya na tsaye, ka riƙa canza kalmomi kawai.